Layi Uku a Bayan Tauraro

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Baba Akawu a gidansa, bayan jinyar wata biyu, yana da shekara tamanin da ɗaya. Ina shago ina shafa gam a bayan wata rajistar makaranta sai babbar 'yarsa ta kira ni. Ba ta yi dogon bayani ba, ta ce, "Kawu, Baba ya cika." Na tsaya da burushi a hannu har gam ɗin ya bushe a kansa. Kuma zan faɗi gaskiya tun daga nan, ko da za ta zubar mini da mutunci: kafin baƙin ciki ya iso zuciyata, tsoro ne ya riga shi zuwa.

Baba Akawu, ba ni ne ya kamata in rubuta ta'aziyyarka ba. Akwai masu ilimi da suka yi ta zarya ɗakinka da littattafan rubutu, su ya dace su yi. Ni mai ɗaurin littafi ne, abin da na sani allura da zare da gam. Kai ka laƙaba mini suna Jarumi, don ka ga na hau kan tebur saboda ƙadangare, sunan ya bi ni har 'ya'yana suka ɗauka shi aka yanka mini rago da shi. Ka san ni da tsoro kamar farar kura. To yau matsoracin ne ya ɗauki alƙalami, saboda akwai wani abu da na ɓoye maka shekara shida, abin kuwa ya shafi sunanka, kuma sunan nan shi ne babban abin da ka bari.

Ga waɗanda ba su san shi ba, marigayin ya yi shekara talatin da ɗaya yana akawu a ofishin fansho na tsofaffin sojoji. A nan ya riƙa ganin dattawan da suka je babban yaƙin nan na zamanin kakanninmu suna zuwa, wani da lambar yabo maƙale a ƙirji babu takardar shaidarta, wani da takarda a hannu lambar ta ɓace. Da ya yi ritaya sai ya kama ɗakin da ke bayan shagona, ya sa wata tsohuwar kabad mai ƙananan durowoyi arba'in da ya samo daga wata maɗaba'a da aka rufe. Ya shiga bin masu sayen tsohon ƙarfe da gidajen da ake rushewa, yana tsinto lambobin yaƙi da takardunsu kafin a narke waɗannan, gara ta cinye waɗancan. Ba don ado yake tara su ba. Bincike yake yi har ya gano mai lamba, sannan ya nemo zuriyarsa ya miƙa musu kayansu.

Na ga ka bi sawun wani kofur shekara huɗu, wasiƙa bayan wasiƙa, har ka tarar da ɗansa yana gadin ƙofar wata makaranta. Mutumin ya haura saba'in, bai taɓa ganin fuskar ubansa ba. Ka karanta masa takardar a tsaye a bakin ƙofa, yadda uban ya goyo wani da aka harba ya ƙetare kogi da shi. Dattijon ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula, kai kuma ka juya kana kallon bango don kada ya ji kunya. Inna, uwargidanka, takan ce kana riƙe da lambar aikin matattu ɗari a ka, amma lambar wayarka sai an rubuta maka a takarda. Kai kuwa sai ka ce ai matattun ba sa canza tasu.

Lokacin da matata ta kwanta asibiti wata guda, kai ka zauna mini a shago. Ka ce ɗinkin littafi ba wani abu ba ne, ka ɗinke wa wani liman littafi da shafukan ƙarshe a gaba. Har yau idan ya gan ni sai ya ce in gaida abokin aikina. Ban taɓa jin ka goranta mini wannan zama ba, ko da wasa.

Aikina a wurinka shi ne gyaran takardu. Sukan zo a yage, a ƙudundune, wasu ruwa ya taɓa su. In liƙa musu siririyar takarda ta baya, in sa su a matsi su kwana biyu su miƙe. Kai kuma kana da tsarinka da ba ka ketawa. Duk lambar da ta shigo, kafin komai sai ka ɗora farar takarda a kanta ka goga fensir, gaba da baya, har siffarta ta fito da duk wani tabo da ke jikinta. Ka liƙa wannan a wani baƙin littafi da ba ya rabuwa da jakarka. Sannan ka ɗaure lambar da ambulan ɗin takardarta da jan zare. Dalili kuwa, da yawa daga cikin lambobin nan, musamman masu siffar tauraro, ba a buga sunan kowa a jikinsu ba. Dubbai aka ƙera iri ɗaya, takarda ce kawai ke faɗin mai ita. Shi ya sa ka kafa mini doka tun ranar farko: ba a kwance zare biyu a rana ɗaya, ba a ɗora lamba biyu a tebur ɗaya. Ka ce, "Jarumi, in ka raba su, ka raba mutum da sunansa."

Shekara takwas ina bin dokar nan. A ta tara na karya ta.

A makon ne aka yi maka aikin ido, kana kwance. Ka bar mini taurari biyu na tagulla, iri ɗaya sak, har ƙyallen da ake rataye su da shi launi ɗaya. Ɗaya ta wani saja ce, wanda ka gano 'yarsa ta ƙarshe, tsohuwar da muke kira Gwaggo, kuma ka yi mata alkawarin ranar Alhamis. Ɗayar ta wani direban soja ce da ba a gano kowa nasa ba tukuna. Ka ce in gyara takardar saja kawai in ba Gwaggo kayanta. Ni kuwa neman suna ya ɗebe ni, na ce bari in gama duka biyun ka dawo ka yaba mini. Na kwance zare biyu, na sa takardu biyu a matsi, na ajiye tauraron saja a dama, na direba a hagu.

Da la'asar hadari ya taso. Iska ta ɗaga kwanon rufi, ruwa ya tsiyayo daidai kan tebur. Ban san lokacin da na share komai da hannu na zuba a aljihu ba. Da ruwa ya ɗauke na sa hannu na fito da taurari biyu, babu dama babu hagu. Na juya su na sake juyawa har aka kira magariba, ba su ce mini komai ba. Bambancinsu ɗaya ne, guda tana da ƙananan layuka uku a baya, kamar an karce da ƙusa.

Maganin abin yana nan kusa, baƙin littafinka. Tafiyar minti ashirin ce zuwa inda kake kwance. Amma tambayar littafin daidai take da cewa na karya doka, ni kuwa na kasa. Ba duka nake tsoro ba, ba faɗa ba, don ban taɓa jin ka ɗaga murya ba. Tsoro nake ka cire tabarau ka dube ni ka yi shiru. Sai na yi abin da wawa ke yi, na yi canke. Na ce saja ya fi direba shan wuyar yaƙi, mai tabon nan tasa ce. Ranar Alhamis na naɗe ta da takardar saja na miƙa wa Gwaggo hannuna na rawa, ta sa mini albarka har sau uku. Ɗayar na ɗaure ta da takardar direba na ba ka da ka dawo, ka kulle a durowa ta goma sha bakwai, makulli a aljihunka.

Daga ranar ban sake samun natsuwa a shagon nan ba. An ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Idan ka ce "Jarumi, zo," sai gabana ya faɗi, ashe shayi za ka zuba mini. Idan ka buɗe baƙin littafi sai in ƙirƙiro aiki a waje. Na yi ta lallashin kaina cewa wataƙila canken ya faɗa daidai, ai abu biyu ne, ko wannan ko wancan. Wani lokaci har in yi fatan kada a taɓa gano dangin direban, Allah Ya yafe mini, alhali ina ganin yadda kake wahalar neman su. Sau nawa na shirya maganar a bakina tun daga gida, in iso in tarar da kai kana murmushi, in haɗiye ta. Haka muka yi shekara shida, tebur ɗaya, butar shayi ɗaya.

Kwana uku kafin rasuwarka wasiƙa ta zo shago da sunanka. Na kai maka gida da azahar, ka ce in karanta don idonka ba ya gani sosai. Daga jikan direban ce, malamin makaranta a wani gari mai nisa. Cigiyar da ka daɗe kana aikawa ta kai gare shi. Ya rubuta cewa zai zo, kuma mahaifiyarsa, wadda take raye, ta ce za ta gane lambar ubanta ko a cikin dubu, domin kafin lambar ta ɓace uban ya karce bayanta da ƙusa layi uku, ɗaya don kowane ɗa da ya bari a gida.

Na tsaya cak a kan kalmar uku. Gumi ya karyo mini har Inna ta tambaya ko zazzaɓi nake yi. Ka juyo da kai a kan matashi ka dube ni, ka daɗe kana dubana. Na buɗe baki, wallahi na buɗe. Abin da ya fito shi ne, "Allah Ya ƙara sauƙi, Baba." Ka lumshe ido ka ce, "To, Jarumi. In sun zo ka ba su kayansu." Maganarmu ta ƙarshe ke nan a duniya.

Bayan an yi jana'iza an watse, Inna ta kira ni ta miƙo mini makullan kabad da baƙin littafi, ta ce kai ka ce a ba ni. Na karɓa kamar an miƙo mini garwashi. Jikan direba ya aiko cewa yana tafe ranar Asabar ta mako mai zuwa, zai haɗa ta'aziyya da karɓar kaya. Littafin na tura shi ƙarƙashin tarin kwali, ban iya buɗe shi ba. Me zan gani a ciki wanda ban sani ba?

A kwanakin nan Shaiɗan ya zauna mini a kafaɗa, kuma ya iya magana. Da farko ya ce ai mai ɗaki ya tafi, ka ce tsufa ne da ciwon ido, shi ya haɗa su ba daidai ba, wa zai ƙaryata ka? Na ga yadda zance zai bazu, duk gidan da ka taɓa kai wa lamba su fara duban tasu da shakka, aikin shekara ashirin ya zama abin a ce wataƙila. Da na ƙi wannan sai ya kawo wadda ta fi ta muni. Ya ce layi uku ne fa kawai, ga basilla a tebur, karce su a bayan wadda ke durowa. Ranar Laraba da safe na rufe shago ta ciki, na ɗauki basillar da nake huda littafi da ita, na tsaya gaban durowa ta goma sha bakwai, makulli a hannun dama. Na sa shi a rami. Sai na ji kamar kana zaune a kujerarka a bayana, ka cire tabarau. Ban iya murɗawa ba, ban kuma iya waiwayawa ba. Ba zan ce imani ne ya hana ni ba, don ban san rabon imani da rabon tsoro a ciki ba. Na dai zare makullin na fita waje na zauna a dakali ina haki.

Washegari na shiga mota zuwa can ƙarshen gari, wurin Gwaggo. Sau biyu ina wuce ƙofar gidan kamar mai neman wani wuri. Na same ta a tsakar gida a kan tabarma, ta haura tamanin, ido ya yi rauni amma baki yana nan da kaifinsa. Na durƙusa na gaishe ta, ta yi mini gaisuwar rashinka, ta yi maka addu'a mai tsawo. Sannan na sunkuyar da kai na faɗi komai, ruwan sama, aljihu, canke. Na ce abin da take riƙe da shi shekara shida ba na mahaifinta ba ne, kuma na zo roƙon ta ba ni in kai wa masu shi. Na jira kuka ko tsinuwa.

Sai ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta jawo wani ƙullin hankici ta jefo mini a cinya.

"Kwance ka duba bayanta, ɗan nan."

Na kwance. Bayan tauraron sumul yake, babu layi ko ɗaya.

"Ai ka makara," in ji ta. "Sati biyu da ka ba ni, sai ga marigayi da kansa, ido ɗaya a liƙe da auduga, da baƙin littafinsa a hammata. Wai ya zo ganin ko kaya sun iso lafiya. Ya karɓa ya shafa bayanta da yatsa, ya buɗe littafi, sai na ji ya yi salati. Kashegari ya dawo da wannan, ya tafi da waccan."

Na ce, "Gwaggo, me ya ce miki?"

"Cewa ya yi an yi kuskure a ɗakinsa, kuma duk abin da ya fito daga ɗakinsa nasa ne, in yafe masa. Na ce kai Akawu, kada ka raina mini hankali, ba mutumin nan mai rawar hannu ba ne? Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce wanda ya yi zai zo da ƙafarsa wata rana, in ya zo kada in tsananta masa, in ba shi ruwa ya sha. Ya ce matsoraci ne, amma ba maci amana ba ne." Ta gyara zama. "Shekara shida ina ajiye da ruwan nan. Har na fara cewa bawan Allah ya yi maka zaton da ya fi ƙarfinka."

Ta kira jikarta ta kawo ruwa a kofi. Na sha ina kuka kamar ƙaramin yaro, ita kuwa tana cewa in sha a hankali kada in ƙware a gidanta a ce ita ta kashe ni.

Da na koma na buɗe durowa ta goma sha bakwai. Tauraron direba yana nan da layinsa uku, a ɗaure da takardarsa. Ranar Asabar na miƙa wa jikan, ya shafa layukan yana ambaton sunan mahaifiyarsa da 'yan'uwanta biyu, ya ce lallai marigayi mutum ne mai tsantseni. Na ce ya fi yadda kake zato, na zaunar da shi na ba shi labarin nan duka.

Baba Akawu, ashe ka sani. Duk shayin da ka zuba mini, duk "Jarumi, zo" da ka kira, ka sani. Ka gyara ɓarnata da ido ɗaya, ka ɗauki laifin a kanka, sannan ka bar mini ƙofa a buɗe shekara shida ko zan shigo da kaina. Ranar wasiƙar nan da ka daɗe kana dubana, ni nake jira ka yi magana, ashe kai ne kake jira. Wannan kallo shi ke hana ni sukuni yanzu. Kuma har yau tsoro bai sake ni ba, sai dai ya canza. Ina tsoron basillar da na ɗauka, wadda ka ce ba zan ɗauka ba. Ina tsoron durowoyin nan, akwai lambobi sama da ɗari biyu da ba a gano masu su ba, ga makulli a aljihuna, kuma babu sauran mai bin bayana da baƙin littafi yana gyarawa. Fiye da komai ina tsoron ranar da za mu tsaya gaban Allah, a tambaye ni haƙƙin mutumin da ya rufa mini asiri ban ko ce masa na gode ba.

Inna, ke da 'ya'ya da jikoki, ina miƙa muku ta'aziyyata, da dukan gidajen da ya mayar wa da sunan iyayensu. Allah Ya ba ku haƙurin rashinsa, Ya albarkaci bayansa. Ina kuma roƙonku a bainar jama'a, tunda shi ba zan same shi ba, ku yafe mini a madadinsa. Duk wanda ya ji an ce an taɓa yin kuskure a ɗakin Akawu, to ya sani hannuna ne ya yi, nasa ne ya gyara.

Ya Allah, bawanka ya suturta ni a duniya, Ka suturta shi a lahira. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka amintar da shi daga firgicin ranar da kowa zai firgita, Ka ba shi takardarsa a hannun dama. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Na je, Baba Akawu. Na makara, ba ka gani ba, amma da ƙafata na je. Allah Ya jiƙan ka da rahama, amin.